Sa'a Goma a Sama

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da Umma da yara. Na rubuto ne don idan na kira, Umma ke fizge wayar, ni kuma ba na iya yi mata ƙarya da baki.

An fasa yi wa Baba tiyata. Likita ya ce ciwon ya cinye huhun, sai dai a lallaɓa. Washegari Baba ya ce in haɗa kaya, gida zai tafi. Na nuna masa taswira a waya: teku ne tsakaninmu da ku, sa'a goma a jirgi. Kin san tsohon direba, dariya ya yi har tari ya sarƙe shi, wai a zamaninsa yana yin sa'a goma a kan sitiyari ko fitsari bai sauka ya yi ba. Amma likita ya ce iskar sama ta yi wa huhunsa kaɗan, ba zai sa hannu ba. Kada Umma ta ji tukuna.

Ƙaninki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, albishirinki. Kullum Baba sai ya dafa bango ya taka barandar asibiti, yana ɓoye haki idan ma'aikata sun gifta. Jiya likita ya gaji ya sa hannu, bisa sharaɗin mu tafi da na'urar numfashi. Baba ya sa an yi masa aski. Ya ce a gaya wa Umma ta buɗe tagogin ɗakinsa ya sha iska.

Ni dai ban gamsu ba. Ƙafafunsa sun kumbura, takalmi ba ya shiga.

Naki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki. Allah ya sa wannan ta same ki a zaune.

Mun kai har ƙofar shiga jirgi. Wata ma'aikaciya ta ga yadda ƙirjin Baba ke ɗagawa, ta kira shugabanta. Na nuna takardar likita, na roƙa, har na durƙusa. Suka ce idan ya rikice a tsakiyar teku babu inda za a sauka. Baba yana keken marasa lafiya, ya ce in tura shi jikin gilashi. Ya bi jirgin da ido har ya ɓace, sannan ya ce in cire masa hular, zafi yake ji.

Muka koma asibiti. Da safe ya cika, a gadon da muka bari. Na binne shi a nan, ni da wasu bayin Allah da ba su ma san sunansa ba.

Gobe zan taso. Ki gaya wa Umma kafin in sauka, don Allah. Kada ta zo filin jirgi tana leƙen bayana.

Ƙaninki,
Auta