Wanda Ke Hagunka

Litinin, 4 ga Mayu
Na iso gidan Dogo, gida na uku tun da dattawan ikilisiya suka ba ni hutu. Hutu, wai! A gidajen baya ko jaka ban ajiye ba ake cewa Fasto zai yi mana wa'azi ranar Lahadi. Dogo kuwa, da muka yi makarantar Littafi tare kafin in'ina ta sa ya bari ya koma gyaran firji, ya karɓi jakata ya ce, "A nan kai ba F-fasto ba ne, abokina ne." Na ɗauka wasa yake.

Laraba, 6 ga Mayu
Ashe da gaske yake. Shi da wasu masu bi suna zumuntar addu'a a shagonsa bayan an tashi aiki, kan kujerun roba, tsakanin matattun firji. "Ga abokina," shi ke nan gabatarwar. Wani direba ya karanta aya, ya murɗe ta yadda ya ga dama. Bakina na ƙaiƙayi, Dogo ya take min ƙafa.

Al'adarsu: kowa ya faɗi damuwarsa, wanda ke hagunsa ya yi masa addu'a. Da aka zo kaina na ce lafiya lau, sai godiya.

Lahadi, 10 ga Mayu
A coci bencin baya muka zauna. Ko addu'ar rufewa ba a ba ni ba. Haushi ya hana ni cin abinci, ni da nake kukan an hana ni hutawa.

Talata, 12 ga Mayu
Maman yara ta kira. "Kana samun yin addu'a kuwa?" Na ce layin ba kyau. Tun bara, in don wani ne kalmomi zuba suke kamar famfo. In na durƙusa ni kaɗai, shiru. In haka ta ci gaba ba zan koma kan mumbari ba. Tsoro nake ji.

Laraba, 13 ga Mayu
Dogo ya ja kujerarsa zuwa haguna, da gangan. Na sake cewa lafiya lau. Da aka watse ya ce lafiya lau ɗin nan ta ishe shi. Na ce wanda ya gudu daga makaranta ba zai koya min aikina ba. Ya ci gaba da ɗaure kusa. Da ma zagina ya yi.

Asabar, 16 ga Mayu
Na haɗa kaya zan bi motar safe in tafi. Ya leƙo ya ce in zo in riƙe masa tocila a bayan wani firji. Na riƙe har motar ta wuce.

Laraba, 20 ga Mayu
Na faɗa musu addu'a ta gagare ni. Gaban direba, gaban kowa. Dogo ya dafa kafaɗata, ya maƙale a kan "Ubangiji" har na ji zufa a hannunsa. A makaranta ni nake ƙarasa masa magana. Yau na kama bakina. Da ƙyar ya fitar: "Ubangiji, ga abokina. Ya g-gaji." Aka ce amin. Addu'a ba kai ba gindi, da ɗalibina ne da na sa ya sake.

Alhamis, 21 ga Mayu
Na kira gidan da zan sauka a gaba na ce sai wani mako; aiki ya yi wa Dogo yawa, ba mai riƙe masa tocila. Da safe na durƙusa. Abin da ya fito nasa ne na ara: ga ni, na gaji. Ban ce addu'a ce ba. Amma na daɗe ban tashi ba.