Hannun Sale a taron Jiratawa

Laraba da dare, Maradi

Na dawo daga Jiratawa, ko tuwo ban iya ci ba. Shekaru na yi a Yamai ina bincike kan yadda talakawa za su zauna su yanke shawara da bakinsu. Yau aka ba ni taro na gaske, rabon ruwan fadama tsakanin manoma. Na hana kujeru, na sa aka shimfiɗa tabarmi, kowa daidai da kowa. Alhaji Idi ya ce a fara ba gonakin gabas ruwa. Na ce wanda ya yarda ya ɗaga hannu, duk suka ɗaga. Har daɗi na ji.

A hanyar tasha Sale ya biyo ni. Albasarsa tana yamma, ita za ta bushe.

Na ce, “To don me ka ɗaga?”

Ya ce, “Haba malam, ɗiyar Alhaji nike aure. Ka zaunar da ni gaban surukina, ka ce in yi mishi gardama? Da ka iske ni gona ka tambaye ni.”

Ashe rabin taron surukan juna ne. Nan aka haife ni, na san wannan kunyar sarai, amma littafi ya rufe mini ido.

Rediyo sai rigimar jam'iyyu da yajin aiki. Abokan aiki a ofis sun ce taro ya yi kyau, Hadiza da yara suna Yamai, ba wanda zan faɗa wa. Asabar za a buɗe ruwa, kuma da bakina na ce kowa ya yarda.