Abin da Ka Ɓoye wa Likita a Gabana

Zuwa ga Malam, sanyin idona, inuwar da na yi shekara talatin ina hutawa a ƙarƙashinta, ruwan farkon damina a kan gonata!

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Na san za ka yi mamakin tsintar takarda a aljihun rigarka, alhali tsakanin ɗakina da naka bai fi taku goma ba. Yi haƙuri, abin ƙaunata. Akwai maganar da bakina ya ƙi ɗauka, sai na ɗora wa biro.

Ka tuna ranar da autarmu Najiba, mai karatun aikin jinya, ta ja mu gwajin lafiya a Funtuwa? Likita ya ce yanzu ana neman ciwon dajin huhu da hoton ƙirji tun bai nuna kansa ba, amma ba kowa ake yi wa hoton ba. Sai wanda ya haura hamsin, ya kuma yi kamar shekara ashirin yana shan kwalin sigari a rana, ko yana sha har yau, ko bai daɗe da bari ba. Ya tambaye ka ko ka taɓa sha. Ka dube ni, ka dubi 'yarka, ka ce ko kusa. Ya rubuta, ya sallame mu.

Haba Malam! Ni Kulu za a yi wa ko kusa? Ni da nake wanke maka riguna tun muna amarci a Maska? Tun satin farko na ga burbushin taba a aljihunka. Na san zagayen da kake yi bayan rumbu, wai duba ɓera. Wane irin ɓera ne wannan, shekara talatin ana duba shi bai mutu ba? Na san kanumfarin da kake taunawa kafin ka shigo, har ya zama in na ji ƙamshinsa a wani wuri sai kewarka ta kama ni. Ban taɓa tanka maka ba, don na gane girmama ni kake yi, kuma wallahi ɓoyon nan ya ƙara mini sonka.

Amma tun ranar tambayoyi suka hana ni sakat. Yaya ake neman cuta a jikin wanda ko tari ba ya yi? Na tambayi Najiba, na ce mijin wata ƙawata ne. Ta ce kamar tsutsar masara ce, mai hankali yakan buɗe zuciyar shukar ya duba tun ganye bai huje ba. Ta ce akwai na'urar ɗaukar hoton a Zariya, mutum yakan kwanta ta zagaya ƙirjinsa, ba allura ba wuƙa. Ikon Allah! Ƙirjin nan da nake zaton na haddace shi, ashe akwai lungun da ban taɓa gani ba? Kara nawa kake sha a rana, idan an haɗa da na gona da na wajen awon auduga? Wannan kaɗai ban sani ba, kuma shi likita yake nema.

Na tambayi batun biya ma. Ta ce masu inshorar lafiya su ma sai sun bincika ko tasu ta ɗauki irin wannan hoton, mu kuwa manoma da ba mu yi rajista ba, daga aljihunmu ne. To, kada ka kawo mini wannan uzurin. Ragunan da nake kiwo na riga na yi musu magana, sun amince.

Ya farin watana, tsoro nake ji, na faɗa ƙarara. Ranar Litinin mu koma wurin likitan nan na Funtuwa. Zan raka ka har bakin ƙofa in tsaya a waje, don kada ka faɗa a gabana. Ka gaya masa gaskiya duka, ka kuma tambaye shi yadda ake bari. Idan ka fito ba zan ce maka komai ba, ba kuma sai ka amsa wannan takarda ba. Amma idan wani abu ya same ka don ka ji kunyata, Malam, da wane ido zan dubi kaina?

Taka jiya da yau, har ranar da za a ɗauke ɗayanmu, ina kuma roƙon Allah ya sa ni ce ta fari,

Kulu