A Ba Hafiza Malafar Baba

Zuwa ga Inna, a Dakko.

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina Baba da ciwon gwiwa? Ina Hafiza da sauran mutanen gida? Ni nan Italiya lafiya lau, karatun noman rani na tafiya. Sanyi ne dai, amma mun fara sabawa da juna.

Inna, ƙurjin nan na gefen hancina da kinka so wanzami ya tsaga, na kai shi asibiti. Kin san ni da tsoron aska. To, ba su yanke ni ba. Wata na'ura sunka ɗora a wurin, sai ga abin da ke cikin fatar ya fito a allo, ina kallo.

Likita ta ce ciwon dajin fata ne, irin mai tafiyar hawainiya, wanda rana ke jawo wa zabaya irinmu. Sun ga iyakarsa, ranar Talata za su cire shi. Na yi kwana biyu abinci bai shiga ba, amma yanzu hankalina kwance yake.

Roƙona ɗaya ne. Fatar Hafiza irin tawa ce. Kada ta ƙara zuwa tsinkar gyaɗa da ɗankwali kaɗai. A ba ta malafar Baba. Na san mata za su yi dariya, su ce ta zama namiji. Su yi. Ni ma irin wannan dariyar na guje wa, shi ya sa na bar kaina a rana.

A sa ni a addu'a.

Ɗanki,
Imrana