Kananzirin Ɗantala

Talata, 16 ga Maris, 1976

Risho ya fashe da matata Rabi'a. Ina aji lokacin, ina rubutu a allo, Malam Sila hedimasta ya leƙo ya ce in fito. Ya miƙo mani makullin babur ɗinsa, sannan ya karɓe, ya ce shi zai tuƙa.

Mun kawo ta asibitin Katsina a bayan motar hatsi. Ƙirji, wuya, hannuwa duka biyu. Fuskarta ba ta taɓu ba. Duk wanda ya zo sai ya ce mani fuskarta ba ta taɓu ba.

Har yanzu akwai alli a yatsuna.

Laraba, 17 ga Maris

Ta yi magana. Ta ce, “Malam, ban cika masa iska ba. Kamar kullum na buga famfon.” Na ce na sani. Ta ce wake ta ɗora. Na ce ta bar zancen wake.

Ƙishirwa take ji ba iyaka. Nas ta ce ruwan jiki ne ke fita ta inda fata ta tafi. Na gane bayanin sarai, har na gyaɗa kai kamar ɗalibi.

Juma'a, 19 ga Maris

Ɗantala ya zo daga Jibiya. Ya tsaya a baranda, bai shiga ba. Shi ya kawo mana galan ɗin ran Lahadi da hannunsa, ya ce gari babu kananzir, ya ɓoye mana ne kada matar abokinsa ta koma hura itace. Tun muna makarantar allo haka yake da ni.

Ya ce, “Maharazu, mi likita ya ce?” Na ce suna ƙoƙari. Mun zauna a benci muna kallon masu wucewa.

Asabar, 20 ga Maris

Rabi'a ta rasu bayan azahar.

Litinin, 22 ga Maris

Sadakar uku. Mutane, tabarmi, gumba. Ana cewa Allah ya ji ƙanta, ina cewa amin. Bakina ya iya aikin shi kaɗai.

Yayata, Yaya Hajo, ta taho daga Magama, ta ce za ta zauna har arba'in. Ta share madafi, ta tattara ɓaraguzan rishon a buhu za ta zubar. Na ce ta bari. Tankin ya tsage ta wajen ɗinkin, ƙarfen ya buɗe ta waje. Daga ciki aka tura shi ke nan. Na daɗe ina juya shi a hannu. Ta ce, “Kai ko kuka ba ka yi? Ka yi, babu mai ganinka.” Na gwada. Babu.

Alhamis, 25 ga Maris

An ce a Farfaru fitila ta yi bindiga a hannun wata tsohuwa, ta ƙona mata zane da cinya. Wurin Ɗantala jikanta ya sayo kananzirin.

Lado, yayan Rabi'a, ya shigo ba sallama. Ya ce Ɗantala ya gauraya fetur a ciki, kowa ya sani, ni kaɗai na zauna kamar an dasa ni. Ya ce, “Ƙanwata ce hwa, Malam. In kai ba ka zuwa wurin 'yan sanda, ni na tahi.” Na ce ban san an gauraya ba. Ya ce to in sani.

Asabar, 27 ga Maris

Na sani yanzu.

Bututun biro na cire wa tawada, na toshe gindin da kakin kyandir, na jefa ƙananan kusoshi ciki har ya iya tsayuwa a ruwa. Abin da aka koya mana a kwalejin malamai ne, ban taɓa yi wa yara ba. Kwalba ɗaya, in ka cika ta da fetur ba ta kai nauyin wadda aka cika da kananzir ba. To duk abin da ke yawo a kai, ya fi nutsewa a mai marar nauyi.

Malam Sila ya ba ni kananzirin da ya sayo a Katsina tun watan jiya. Na tsoma bututun, na yi zane da reza a inda ya tsaya. Na tsotso fetur daga babur ɗinsa, na tsoma, ya nutse ƙasa da zanen kusan faɗin yatsa. Na sake zane. Sannan ragowar galan ɗinmu.

Ya tsaya tsakanin zanen biyu.

Na bar kwalaben a inuwa ɗaya su huce daidai, don mai in ya ɗau zafi yana buɗewa ya rage nauyi, kada rana ta yi mani ƙarya. Na sake. Wuri ɗaya ya tsaya.

Malam Sila ya cire tabarau, ya ce, “Allah ya sawwaƙe.” Ni kuwa ina tunanin zanen reza bai fito sosai ba, gara in bi shi da jan biro.

Lahadi, 28 ga Maris

Kasuwa. Tireloli har bakin iyaka, masu jarka suna bin direbobi, na Maraɗi suna ta kiran isansi, isansi, wato fetur. Gari duk warin mai. Ƙasa ta yi arzikin fetur, an ce, amma kananzirin fitila sai an yi layi.

Sajan na 'yan sanda ya aiko a kira ni rumfar Ɗantala. Lado na can, mutane sun taru. Na tsoma bututun a abin da aka ɗebo daga duron kananzirinsa. Tsakani. Sajan ya ce shi bai gane wasan biro ba. Na ce a ba ni faranti biyu. Na zuba na Malam Sila kaɗan a ɗaya, na kawo ashana kusa da shi, bai kama ba. Na Ɗantala, ashanar ba ta ma taɓa shi ba ya ce fuu. Mutane suka ja baya.

Na yi masu bayani, da muryar aji. Fetur ba ya jiran wuta, zafin rana ma ya ishe shi ya zama tururi. A risho an rufe shi, an ƙara masa iska, ga wuta a kansa. Tururi na ƙaruwa, yana matsa ƙarfe ta ko'ina, sai inda ya fi rauni ya buɗe. Wani a baya ya ce, “Matarshi ce hwa ta mutu.” Ina jin mamaki yake yi.

Sajan ya ce, to Ɗantala ne ya gauraya? Na ce bututu bai san wannan ba. Ya ce ni fa, me na gani? Na ce abin da bututu ya gani.

Ɗantala ya ce daga wata tanka ya saya, mai wucewa Nijar, direban ya ce kananzir ne, bai san sunansa ba. Yana magana yana kallona. Sun tafi da shi. Lado ya tofar da yawu kusa da ƙafata, ban tabbata ko don ni ba ne.

Litinin, 29 ga Maris

Ban je makaranta ba. Ban yi komai ba. Zafi.

Laraba, 31 ga Maris

Inna Talatu, mahaifiyar Ɗantala, ta zo da hantsi. Yaya Hajo ta ɗaure fuska, ta ce in roƙo ta zo yi ta koma. Ba roƙo ba ne. Kwalba ta fito da ita daga cikin mayafi. Ta ce, “Ɗana, wanga abokinka ya ba ni in riƙa sa wa fitilata. Duba mini, in na mutuwa ne in zubar.”

Na duba. Tsakani.

Rabin kwalbar ta riga ta ƙone a ɗakinta, kusa da gadonta, kuma ba abin da ya faru. Ta yi ta salati. Da za ta tafi ta tsaya a ƙofar madafi tana kallon baƙin da ke bango. Yaya Hajo ce ta kama ta ta kai ta zaure.

Ya ba uwarsa. Na rubuta don in gani a rubuce.

Asabar, 3 ga Afrilu

Labari ya bazu. Tun safe ake sallama, kwalabe, galan, har kwanon sha. Daga Magama, daga Farfaru, wani ma daga tsallaken iyaka. Ina tsomawa, ina dubawa, ina cewa yi amfani da shi, ko haƙa rami ka zuba. Wanda na yi shakka sai in kai shi bayan gida in gwada da ashana, don in gaurayen kaɗan ne bututun ba ya nunawa.

Wata mata ta aiko da ƙwai. Na ce a mayar. Yaya Hajo ta soya.

Aikin ba ya bukatar in ji komai. Shi ya sa nake iya yi.

Talata, 6 ga Afrilu

Na koma aji. 'Yan aji bakwai sun miƙe sun gaishe ni a hankali, kamar kada su fasa wani abu. Darasin da na bari a allo wani ya goge. Na ce kowa ya kawo tsohon biro gobe.

Alhamis, 8 ga Afrilu

Sajan ya sake kirana. An sami irin man nan a wurin wasu masu sayarwa biyu, su ma daga tankar nan suka saya. Tankar ta daɗe da tsallakawa. Wai ta yi dakon fetur ne ba a juye ta duka ba aka ɗora kananzir, wai kuma da gangan ne. Babu wanda ya sani. Ya ce in ina da ƙara a kan Ɗantala in faɗa, ni ne mijin. Na ce ba ni da ita.

Lado ya ce na sayar da jinin ƙanwarsa don abota. Ban yafe wa kowa ba, ban kuma riƙe kowa ba. Na duba cikina ne ban sami abin da zan kai ƙara da shi ba. Ban gaya masa haka ba.

Lahadi, 11 ga Afrilu

An sako Ɗantala. Rumfarsa a rufe.

Juma'a, 16 ga Afrilu

Kullum bayan la'asar yana zuwa ya zauna a dakalin ƙofar gida. Ba ya sallama. In na fito ya ce, “Ina wuni, Malam.” Da can bai taɓa ce mani Malam ba. In ce lafiya, in wuce masallaci. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Yaya Hajo ta ce ko in kore shi ko in shigo da shi, wannan zaman ya ishe ta.

Alhamis, 29 ga Afrilu

Arba'in. 'Yan'uwanta sun kwashe kayan ɗaki. Inda gadon yake, simintin ya fi sauran haske. Lado ya ba ni hannu, bai dube ni ba.

Yaya Hajo za ta ƙara kwana biyu, wai ba ta yarda da yadda nake cin abinci ba.

Lahadi, 2 ga Mayu

Yau ya yi sallama. Ya shigo zaure da kwalba a hannu, ya durƙusa ya ajiye ta a gabana. Ya ce ya sami duro ɗaya daga Katsina, yara ba su da abin ci, amma ba zai buɗe rumfa ba sai na duba. “In ka ce a'a, wallahi rami za ni haƙa mishi.”

Na ajiye ta a inuwa ta huce. Muka zauna muna jira. Na tsoma. Ya tsaya a kan zanen daidai. Na kai bayan gida na gwada da ashana, bai kama ba. Na dawo na ce, “Kananzir ne. Sayar.”

Bai tashi ba. Sai ga Yaya Hajo da kwanon tuwo, ta ajiye, ta dube shi, ta dube ni, ta koma ciki. Na tura kwanon tsakiya, ina jin don ya yi mani kusa da gwiwa ne. Ya daɗe kafin ya wanke hannu.

Muna ci ya ce miyar ba ta ji daddawa ba. Sai ya ce, “Ita kam ai sai ta zuba har maƙwabta su sani.” Ya kama bakinsa da hannu, ya tsorata.

Na ce, “Rabi'a ba ta san kaɗan ba.” Na yi dariya. Daga nan ban san yadda aka yi ba, sai ga rigata ta jiƙe. Ya riƙe mani kafaɗa da hannun hagu, na dama duk miya. Mun daɗe a haka, tuwon ya huce.

Warin kananzir ne, ina jin, yana shiga ido. Na ce masa gobe ya bar dakalin nan, ya shigo ciki.