Tarin Motar Baba

Talata, 1 ga Maris, 1983

Na gan shi yau da idona. A Sakkwato, cikin tarkacen motar wani ɗan kwangila da ta rungumi icce wurin yawon siyasa. Husaini mai walda ya kai ni. Ya ɗaga bonet ya nuna mani wani ƙarfe murɗaɗɗe kamar dodon koɗi, ya ce sunanshi turbo. Wai hayaƙin da inji ke zubarwa a banza shi ke juya shi, shi kuma ya dinga cusa iska cikin injin, sai mota ta ƙara ƙarfi. Ƙarfi daga hayaƙi! Na tsaya baki buɗe. Allah mai iko.

Duk hanyar dawowa Boɗinga jikina ne kawai ke cikin a-kori-kurar Baba. Ni ina can kan gadar Jabba, albasa buhu bisa buhu, ruwan Kwara na ƙyalli ƙasa. Ni da ban taɓa wuce Yawuri ba.

Na iso ana kiran magariba. Baba na bisa tabarma ƙofar zaure kamar kullum. Tun da idonshi ya tafi, tsufa kuma ya fara taɓa mashi tunani, da kunne yake jirana. In na hau kwalbatin bakin gari na canza giya, motar ta yi tarin nan nata, sai ya ce, "Ga Ladan nan, a kawo tuwo." Ba ya sa hannu cikin akushi sai ya ji ta. Matata Kande ta ce ba ta ko leƙa waje, bakin Baba take jira ta kwashe.

Alhamis, 3 ga Maris

Lodi daga Dandin Mahe. Albasa ta yi kyau bana, ja jawur, amma manoma sai kallonta suke. Manyan motoci sun kwanta, babu taya, babu kayan gyara, komai an ce tsuke bakin aljihu. Sabulu ma sai da layi. Dillalai na zuwa suna taya abin da sunka ga dama.

An ce a Badun, can ƙasar Yarbawa, ɗaya-ɗaya ake sayar da ita kamar goro. Ƙaramar mota mai ƙarfi ta isa can kafin albasa ta fara gumi. Na faɗi haka a tasha, Na'Allah direba ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Wai wagga tsohuwa ko Jega sai da addu'a. Bari dai.

Asabar, 5 ga Maris

Na durƙusa gaban Baba bayan la'asar, na ce ina son in ƙara wa motar ƙarfi. Ya ce, "Mi yas same ta?" Na ce ba komai. "To mi za ka taɓa ta?" Daga nan ya shiga labarin lokacin da ake kiran shi Mainasara Direba, yana jigilar auduga, da yadda ya taɓa kwana cikin laka hanyar Argungu. Bai koma kan maganar ba.

Bai ce a'a ba dai.

Laraba, 9 ga Maris

Na kawo turbon gida cikin buhun gero. Nauyi gare shi. Na sa yatsa na juya farfelar ciki, tana ta juyawa ita kaɗai ba ƙara. Kande ta ce ko ranar da anka kawo ta ban kalle ta haka ba.

Litinin, 14 ga Maris

Aiki ƙofar gida, gindin dogon yaro. Husaini ya jawo kayan waldarshi. Mun yanka bututu, mun lanƙwasa, mun ja wa turbon hanyar baƙin mai daga inji, don in bai sha mai ba ƙonewa zai yi. Wani notin ya ƙi, na zage shi tun daga kakanshi, sifana ta zame ta ɓare mani yatsa.

Tsohuwar salansa mun cire ta. Ruɓaɓɓiya, ga ramin da Baba ya toshe da gwangwanin madara da waya tun ina firamare. Na wurga ta bayan gida, 'yan gwangwan su kwashe. Mun sa sabon bututu miƙaƙƙe, Husaini ya ce numfashi yake so.

Baba na jin ƙarar guduma, yana zuwa da sanda ya shafa bodin motar, ya san ban fita ba. Yana cin tuwonshi lafiya lau.

Alhamis, 17 ga Maris

Mun buɗe wa famfon gas, ta yi hayaƙi baƙi ƙirin har kajin maƙwabta sunka watse. Mun rage, ta yi sanyi. Mun ƙara kaɗan, mun saurara, mun sake ƙarawa. Haka munka wuni. Can na taka totur sai na ji wani fito siriri ya taso daga ƙasa ya hau, ya hau. Tsigar jikina ta tashi. Ni da Husaini munka kalli juna kamar waɗanda anka yi wa haihuwa.

Juma'a, 18 ga Maris

Ban iya cin abinci ba. Gobe zan fita da ita hanya.

Asabar, 19 ga Maris

Wayyo Allah, daɗi!

Lodi cike daga Shagari, har anka ɗora buhu bisa kan direba. Na taka. Farko shiru kamar tana tunani, sai fiton ya zo, sai na ji an turo ni daga baya. Giginyu na gudu suna komawa. Hawan nan da nake saukar da fasinja su tura, ban ma san na wuce shi ba. Na iske Na'Allah yana rarrafe, na ɗaga mashi hula na wuce. Zafin rana ya sa kwalta na rawa can gaba kamar ruwa, na ce wa kaina ga Kwara nan, Ladan, ga ta nan, taka kawai. Na ga kaina ina sauke albasa gaban Yarbawa, na ga Kande da sabon leshi, na ga an rubuta sunana jikin ƙofa da fenti shuɗi.

Da magariba na shigo gida da fito. Na durƙusa na gai da Baba. Ya karkata kai ya ce, "Motar wa ta?" Na ce ni ne, Baba. Ya ce, "Sannu baƙo. Ladan bai dawo ba, zamna ka jira shi."

Na yi dariya, Kande ma ta yi. Da lallashi ya ci loma kaɗan.

Talata, 22 ga Maris

Da safe ya san ni sarai. Har ya ce, "Ladan, jiya ina ka kwana?" Ya sha kunu rabin ludayi. Da rana ta faɗi sai ya koma bisa tabarma ya juya kunne wajen kwalbati, ni kuma na zama baƙo. Ya ture akushi. Wai ba a ci yaro na hanya.

Zai saba. Kunne ma yana koyo.

Juma'a, 25 ga Maris

Raina ya ɓaci yau, Allah shi yafe mani. Na kama hannunshi na ɗora bisa fuskata, na ce haba Baba, ga muryata, ga tabon goshina, mi kake so kuma? Na ɗaga murya har anka jiyo waje. Ya janye hannun a hankali ya ce, "Kai haƙuri, yaro. Shina tahe."

Kande ta zo ta ɗauke akushin, ko kallona ba ta yi ba. Wannan ya fi mani zafi.

Lahadi, 27 ga Maris

Mutanen Dandin Mahe sun yarda. Bayan sati biyu lodin Badun nawa ne. Na zauna cikin mota gindin icce ina kiran sunayen garuruwa a baki. Kwantagora. Makwa. Jabba. Ilori. Har wani ɗanɗano gare su.

Laraba, 30 ga Maris

Na gwada dabara. Da na hau kwalbati na dinga sakin totur ina takawa ko ta yi tari. Ta ƙi, sai fito. Na ɗaura gwangwani bakin bututu da waya, ya tashi sama tun kafin in bar tasha. Kande ta ce, "Malam, Baba shekara nawa yana jin motar nan? Shi za ka yi wa wayo?"

Asabar, 2 ga Afrilu

Na kai shi wurin malamin asibiti. Ya danna ciki, ya duba harshe, ya ce ba ciwo, abinci ne babu. A ba shi abin da yake so. To ai an ba shi. Kande ta yi miyar kuka da man shanu, ta yi fura, ta yi dambu. Da na tallabe shi zan sa shi mota na ji ƙasusuwan bayanshi ta cikin riga. Ba nauyi ko kaɗan. Turbon ya fi shi nauyi a hannu, abin da ya zo mani ke nan, kuma na ji haushin kaina da na yi tunanin.

Na'Allah ya tare ni tasha, yanzu ba dariya. Yana tambaya ko Husaini zai samo mashi irin nawa. Da can wannan magana za ta ishe ni murna sati guda.

Talata, 5 ga Afrilu

Na taso daga Shagari da yamma babu kaya, ina ta sheƙa gudu, raina na can kudu. Na zo kwalbati sai na hangi mutum zaune bisa simintin, farar riga, sanda tsakanin ƙafafu. Na wuce shi da iska kafin in gane Baba ne. Na taka birki har motar ta juya gefe.

Bai ko waiwayo ba. Kunnenshi na wajen hanya.

Shi kaɗai ya laluba ya zo, Kande na can tana neman shi gida-gida. Na durƙusa gabanshi cikin tsakuwa. Ya ce, "Yaro, daga Shagari kake? Ba ka ga wata a-kori-kura hanya ba? Ɗana na ciki. Ya daɗe, ina tsoron ko ta ɓaci, kuma ba shi da haƙuri da inji."

Na ce ban gani ba. Ban san abin da ya sa na ce haka ba. Na ce ya zo in kai shi gida. A cikin mota ya shafa kujera, ya shafa sitiyari inda hannunshi ya cinye fenti. Can ya ce, "Irin tamu ta. Amma tamu ba ta kuka haka." Da munka isa ya yi mani godiya, ya sa mani albarka, ya ce Allah shi kai ni gida wurin iyayena lafiya.

Bai ci ba.

Laraba, 6 ga Afrilu

Ban fita ba. Na juya bayan gida kaf, babu salansar. 'Yan gwangwan sun zo tun wancan sati.

Alhamis, 7 ga Afrilu

Kande ta gan ni ina tonon bola kamar mahaukaci. Ta ce, "Malam, mi ka ɓatar?" Na ce ba ruwanki. Ta shiga ƙarƙashin rumbu ta jawo salansar, lulluɓe cikin tsohuwar tabarma, gwangwanin madarar na nan daram. Tun ranar da na jefar ta ɗauke. Ta ce kayan Baba ne, ba a ba 'yan gwangwan kayan mutum yana raye.

Na ce dubawa kawai zan yi. Ta ce to.

Asabar, 9 ga Afrilu

Baƙin mai ya yi wuya garin nan, turbon kuma shan shi yake kamar raƙumi. An ce hanyar Kwantagora ma ba lafiya, ana tare mutane. Kuma in ya lalace mani tsakiyar daji wa ya san shi? Ba wani dalili sai waɗannan. Haka na faɗa wa mutanen Dandin Mahe, haka na faɗa wa Husaini. Shi dai ya kunna walda kawai. Mun mayar da famfo yadda yake, mun ɗaura tsohuwar salansa da sabuwar waya.

Turbon na cikin buhu ƙarƙashin gado. Na shafa mashi mai don kada ya yi tsatsa. Ban sayar wa Na'Allah ba. Wata rana in abubuwa sunka daidaita, Jabba na nan ba inda za ta.

Da rana ta yi sanyi na ce zan gwada birki. Ni da Husaini munka tura ta har bayan masallaci kafin in tayar, don kada Baba ya ji, na bi ta bayan gari na fita hanya, na juyo. Tafiya take kamar jaki da kaya, mai keke ma ya so ya wuce ni. Na hau kwalbati, na taka kuloci, na canza giya. Ta yi tarinta.

Tun daga nesa na hango shi yana dafa bango yana miƙewa. Ban kashe mota ba na ji muryarshi, da ƙarfi irin na da.

"Ga Ladan nan! Kande, a kawo tuwo!"

Na durƙusa. Ya laluba ya kama kunnena ya ja, ya ce, "Ja'iri, ina ka tsaya haka?" Na ce hanya ce, Baba. Ya ce, "Ai na ce masu shina tahe."

Malmala biyu ya ci, ya ce a ƙaro miya.