Shafukan da Na Naɗe Ƙosai da Su

Assalamu alaikum, Baban Zainab.

Na san takardar nan ba za ta iske ka ba, amma ba wanda zan iya faɗa wa wannan magana sai kai.

Gida lafiya. Masarar gonar hanyar Funtua ta yi kyau bana, ƙaninka Sani ya kawo mana rabonmu. Ni kuma tun da na fita takaba na koma suyar ƙosai a ƙofar gida.

Ka tuna littafin nan naka marar bango, na tsohon masunci a wani tsibiri cikin Tafkin Chadi? Wanda nake maka tsiya wai shekara guda kana karatu, tsoho bai gama gyara komarsa ta kamun kifi ba? Watan jiya takardar naɗi ta ƙare mini, ga yara sun yi layi. Na ɗauko shi na dinga yagowa daga baya. Kwana da kwanaki ina yi, ko a jikina.

Ran nan ina jiran mai ya yi zafi, idona ya faɗa kan wani shafi. Ruwa ya janye, matar tsohon ta rasu, 'ya'yansa na ta aiko masa ya koma birni, shi kuwa kullum sai ya wanke kwanonta ya kife. Har mai ya fara hayaƙi ban sani ba.

Na koma farko. Malam, ashe ba abin da ake yi a cikinsa sai zama, irin zaman da nake yi yanzu. Me ya hana ni cewa ka karanta mini?

Kunya ta ishe ni. Na bi maƙwabta gida-gida ina neman takardar da aka naɗo ƙosai. Matar liman ta dube ni kamar na zautu. Shafi ɗaya na samo, shi ma mai ya cinye rabin rubutun. Sunan littafin ma ban sani ba, balle in sa a nemo.

Yayana na so in tattara yara in koma wurinsa Kaduna, har yau ban ba shi amsa ba. Saura kaɗan in kai inda na yage, shi ya sa nake karanta shafi ɗaya a rana. Tsohon ya tashi, ko ya zauna? Kai ka karanta ƙarshen, ni kuwa na barbaɗa masa yaji na miƙa wa yara.

Ka yafe mini. Allah Ya haskaka kabarinka.

Matarka,
Maman Zainab